Ƙofar da Ba Ta da Mai Gadi

Kowace shekara, a farkon watan Agusta, birnin Edinbara da ke ƙasar Sikotland, can arewacin Birtaniya, yakan wayi gari cike maƙil da baƙi. Birni ne na mutum wajen rabin miliyan, mai tsofaffin gine-gine na dutse, ga sanyi da yayyafi ko da a tsakiyar lokacin zafinsu. Yawanci ran Jumma'ar farko ta watan ake buɗe bikin wasan kwaikwayo da suke kira Fringe, a yi kwana 25 ana yinsa ba hutawa. A shekara ta 2025 an buɗe shi ran 1 ga wata, aka rufe ran 25. A ranar buɗewa, babban titin da ya sauko daga fadar dutse ta birnin, wanda suke kira Royal Mile, ba ya biyuwa sai da turereniya. Ƴan wasa sun fito cikin kayan wasansu, wani ya shafa fari a fuska, wani yana busa, wani yana tsaye bisa akwati yana kiran jama'a, kowa kuwa da ƴan takardu a hannu yana miƙa wa masu wucewa, yana roƙo a zo a ga nasa wasan. Wuraren wasan ma abin mamaki ne: ɗakin taro na majami'a, ajin jami'a, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan shaye-shaye, tanti a fili, har cikin mota an taɓa yi. Yawancin wasannin awa ɗaya ne. Waɗannan na fita, waɗancan na shiga, tun hantsi har tsakar dare. A 2019 an yi wasanni fiye da 3,800 a wurare fiye da 300, aka ba da tikiti fiye da miliyan 3.

Ba yawan nan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wata doka guda ɗaya da bikin yake tsaye a kanta, ita ce ta tsaya mini a rai. Dokar ita ce, babu mai zaɓe. Ba wani kwamiti da zai zauna ya duba wasanka ya ce ya isa ko bai isa ba. In kana da abin da za ka nuna, ka kuma sami mai ɗakin da ya yarda ya karɓe ka, ka biya kuɗin rajista, shi ke nan, sunanka ya shiga littafin bikin daidai da na kowa. To, ya mai karatu, ga tambayar da nake so mu tauna tare: in an buɗe ƙofa ga kowa, aka sallami mai gadi, an yi adalci ke nan?

Bari mu fara da yadda abin ya samo asali, gama labarin yana da daɗi. A shekara ta 1947, shekara biyu bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, Turai tana kwance cikin kufai, a Birtaniya kuwa ko burodi sai da takardar rabo ake samu. A cikin wannan hali wani mutum mai suna Rudolf Bing, Bayahude haifaffen birnin Biyana wanda ya bar Jamus saboda mulkin Hitila, ya haɗa kai da shugabannin Edinbara suka shirya babban biki na kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo. Nufinsu mai kyau ne ƙwarai: al'umman da suka gama kashe juna su sāke zama ɗaki ɗaya su saurari abu mai kyau. A wannan biki ne shahararren shugaban makaɗa Bruno Walter, wanda shi ma an kore shi saboda Bayahude ne, ya sāke tsayawa gaban makaɗan Biyana bayan shekaru na rabuwa. Amma biki ne na gayyata. An kira manya daga Landan da Faris, watau ƙungiyar Old Vic da ta Louis Jouvet. Ƴan wasan kwaikwayo na Sikotland, masu ƙasar, ba a kira su ba.

Sai ga ƙungiyoyi takwas sun zo ba gayya. Shida na Sikotland ne, biyu daga Ingila. Ba su tsaya bakin ƙofa suna gunaguni ba, ba su kuma kutsa cikin bikin manya ba. Suka nemi ƙananan ɗakuna a cikin gari, suka manna takardunsu, suka yi wasanninsu ga duk wanda ya ga dama ya shigo. Ɗaya daga cikinsu ita ce Glasgow Unity, ƙungiyar da ta tashi daga cikin ma'aikata na birnin Gilasgo, wasan da suka kawo kuwa na Maxim Gorky ne, a kan matalauta marasa galihu da ke kwana a wani masauki na ƙarƙashin ƙasa. Wata ƙungiyar ta yi nata a gidan wasa na Gateway, wanda a lokacin yana hannun Ikkilisiyar Sikotland. A Hausa muna da suna domin irin waɗannan, mukan ce ƴan gayyar soɗi, ba kuwa sunan yabo ba ne. Amma a yi musu adalci: ɗan gayyar soɗi yakan zo ya ci tuwon da ba domin shi aka tuƙa ba, waɗannan kuwa da tukunyarsu suka zo, suka hura wutarsu a gefe. Da shekara ta kewayo, wani marubuci mai suna Robert Kemp ya kwatanta su a jarida da kalmar nan ta Turanci wadda ma'anarta geza ce, irin ta bakin zane. Sunan ya bi su. Mu sai mu ce bikin gefe. A 1958 aka kafa ƙungiyar da za ta riƙa buga littafin wasannin da sayar da tikiti, aka kuma rubuta cikin ƙa'idarta cewa ba za ta tantance wasan kowa ba. Yau gezar ta fi zanen girma nesa ba kusa ba, wasu birane kuma sun ɗauki al'adar: Adelaide a Ostireliya tun 1960, Avignon a Faransa tun 1966, Edmonton a Kanada tun 1982.

Zan faɗi gaskiya tun yanzu, zuciyata tana wajen mutanen nan takwas. Dalilina kuwa shi ne, na san halin mai zaɓe. Ba sai ya zama mugu ba. Rudolf Bing mutumin kirki ne, ya kuwa san aikinsa. Amma kowane mai zaɓe, komai iliminsa, abin da ya saba gani shi yake ganewa. In aka kawo masa abin da ya yi kama da wanda aka yaba jiya, sai ya ce madalla. In aka kawo masa sabon abu, daga bakin wanda ba shi da suna, da karin harshen da bai saba ji a manyan wurare ba, sai ya ga kamar bai nuna ba. Haka abin yake a makaranta, haka yake a wurin neman aiki, haka yake duk inda mutum biyar suka zauna bayan tebur suna auna sauran jama'a. Ba sa ganin laifinsu, gama a ganinsu kyawun abu suke aunawa, alhali kuwa sau da yawa sabo suke aunawa.

Shekarun da suka wuce sun ba da shaida. A 1966 wasu ɗalibai suka nuna wasan wani saurayi da ba a san shi ba, Tom Stoppard, a wani ƙaramin ɗaki, ƴan kallo ba yawa. Wani ɗan jarida ya gani ya yaba, shekara na kewayowa wasan yana gidan wasa na ƙasa a Landan, marubucin kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan zamaninsa. Rowan Atkinson, wanda yaranmu suka sani da sunan Mista Bin, a wannan biki aka fara lura da shi a 1976. Ƙungiyar mawaƙa ta Soweto Gospel Choir daga Afirka ta Kudu ta je a 2003, shekara ɗaya bayan kafa ta, daga nan sunanta ya ƙara bazuwa a duniya. A 2017 wasu ɗalibai biyu suka kai wasan waƙa mai suna Six, a kan matan nan shida na sarki Henri na takwas, ba a daɗe ba ya kai manyan gidajen wasa na Landan da Niyok. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Wane kwamiti ne zai rantse cewa da ya gane dukan waɗannan tun suna ɗanye?

To, amma akwai masu ƙin wannan doka, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Suna cewa, in ba mai gadi, ai kare ma sai ya shigo. Gaskiya ne. Cikin wasanni dubu uku da ɗoriya akwai marasa daɗi da yawa, akwai waɗanda ba a shirya su da kyau ba, akwai kuma na batsa da zage-zage waɗanda mai kunya ba zai iya zama ya kalla ba. Ba na ɓoye wannan. Iyaye da malamai da duk wanda aka ɗora wa renon yara ya san cewa ba kowane abu ne ya cancanci a sa shi gaban ido ba.

Amma mu lura da abu biyu. Na fari, an riga an gwada ɗaya hanyar. Har zuwa 1968, a Birtaniya ba a nuna sabon wasa ga jama'a sai wani babban jami'in fadar sarauta ya karanta ya ba da izini. Fiye da shekara ɗari biyu ana haka. Ofishin nan ya soke kalmomin batsa, i, amma ya kuma hana wasannin da suka taɓa masu mulki, ko suka faɗi gaskiyar da ba a son ji. Almakashin da aka saya domin yanke ƙazanta, da shi ake yanke harshen mai faɗin gaskiya, gama hannu ɗaya ne ke riƙe da shi. Akwai ma abin dariya a ciki. A Edinbara an yi wata ƴar majalisar birni mai suna Moira Knox wadda ta yi suna wajen la'antar wasannin da ta ga sun wuce gona da iri, sai ya zama duk wasan da ta tsine wa, jama'a su yi ta tururuwa zuwa kallonsa, har ƴan wasa suna fatan ta ambace su.

Na biyu, da aka sallami mai gadi ba a kashe aikinsa ba, an raba shi ne ga kowa. Wanda ya shiga kasuwa ba ya cewa sarkin kasuwa ya ɗanɗana masa kowane ƙosai. Shi zai duba, ya tambaya, ya saya ko ya wuce. A littafin bikin ana rubuta shekarun da wasa ya dace da su, ana kuma gargaɗi in akwai magana mai nauyi. Mai kallo yana da ƙafa, yana iya tashi ya fita. Mai ɗaki kuma yana da ikon ɗakinsa. A Agusta 2022 gidan wasa na Pleasance ya soke dare na biyu na wani mai barkwanci, Jerry Sadowitz, bayan an kai ƙara a kan abin da ya faɗa ya kuma yi a daren farko. Aka yi ta gardama, wasu suna cewa an danne ƴancin magana, wasu suna cewa an yi daidai. Ni dai abin da na gani shi ne bambanci tsakanin ƙofar gida da ƙofar gari. Mai gida yana da ikon cewa ba a yin wannan a zaurena, ya kuma ɗauki nauyin maganarsa. Wannan dabam yake da a ce mutum ɗaya ya riƙe mabuɗin gari duka. Saboda haka wannan ƙorafi na farko, ko da yake yana da nauyi, bai isa ya sa in juya wa buɗaɗɗiyar ƙofa baya ba.

Ƙorafin da ya fi damuna dabam ne, ba kuwa daga masu tsoron batsa yake fitowa ba, daga ƴan wasan ne da kansu. Bari mu bi wani saurayi, ko wata budurwa, da ke son zuwa bikin, mu yi lissafi tare da su. Kuɗin rajista fam ɗari kaɗan ne, wannan shi ne mafi sauƙi. Sai ɗakin wasa. Manyan gidaje irin su Assembly da Pleasance da Gilded Balloon da Underbelly, waɗanda jama'a da ƴan jarida suka fi zuwa, suna zaɓen wanda za su karɓa, ka ga mai zaɓe ya dawo ta taga ke nan. In sun karɓe ka, yawanci za a raba kuɗin ƙofa, amma da sharaɗin wani adadi da za ka biya mai gida ko ɗaki ya cika ko bai cika ba. Sai wurin kwana na wata guda a birnin da kuɗin haya yakan yi tashin gwauron zabo a Agusta. Sai abinci, sai kuɗin tafiya, sai buga takardun talla, sai ladan mai kula da fitilu. Sai kuma wanda ba a rubutawa, wanda ya fi su duka: wata guda cur ba ka wurin aikinka, ba albashi. Bayan wannan duka, kana iya fitowa fili ka tarar da mutum uku zaune, gama a wannan awa ɗin akwai wasu wasanni ɗaruruwa da ake yi a cikin gari. Da yawa sukan koma gida da bashin dubban fam, sun kuwa san haka tun kafin su tashi.

Wa zai iya ɗaukar wannan? Wanda iyayensa za su iya cike ramin. Wanda in ya yi asara bana, zai iya dawowa baɗi, ya sāke dawowa, har a san da shi. Ɗan mai shara ko ƴar direba, wanda in bai yi aikin wata ɗaya ba mai gidan haya zai fitar masa da kaya, ba wanda ya hana shi zuwa. Ba wanda ya ce masa kome. Zai dai zauna ya yi lissafi a bayan takarda, ya ninke ta, ya tafi aikinsa.

Ku sāke duban sunayen da na jera ɗazu da fahariya. Ɗaliban da suka nuna wasan Stoppard na jami'ar Okusfod ne. Atkinson da ƙungiyar Okusfod ya je. Masu Six ɗaliban Kambirij ne. Da aka fara ba da babbar kyautar barkwanci ta bikin a 1981, ƙungiyar ɗaliban Kambirij ce ta ci. Ba na rage musu kome, masu baiwa ne na gaske. Amma jami'o'in nan biyu su ne mafi daraja da wadata a ƙasar, ɗalibansu kuma suna da ƙungiyoyi masu asusu, da hutun da ya dace da Agusta, da tsofaffin ɗalibai a gidajen rediyo da jaridu. Glasgow Unity fa, ƙungiyar ma'aikatan nan da ta zo ba gayya a 1947 da wasan matalauta? A 1951 ta watse, rashin kuɗi yana cikin abin da ya kashe ta. Wasu daga cikin waɗanda suka fara buɗe ƙofar ba su jima a cikin ɗakin ba.

Ga wanda ke nesa kuma akwai wata ƙofa kafin wannan. Ɗan wasa daga Afirka ko ƙasashen Larabawa sai ya sami biza da kuɗin jirgi tukuna, ofishin biza kuwa yakan tambayi abin da ke cikin asusunka, ba abin da ke cikin wasanka ba. A 2017 an shirya kawo jerin wasanni daga ƙasashen Larabawa, aka hana wasu daga cikin ƴan wasan biza, har ya zama dole a sauya wasu wasannin a kan kari. Bikin ya ce kowa ya zo, gwamnati kuwa ba ta faɗi haka ba. Garin daɗi ba kusa ba.

Ashe dai ƙofar tana da mai gadi, sunansa kuɗi. A nan ne nake so mu daɗe kaɗan, gama a ganina wannan mai gadi ya fi na farko wuyar sha'ani. Rudolf Bing yana da suna, yana da ofis, yana da fuska. Da ya bar ƴan ƙasa a waje, an san wanda za a yi wa ƙorafi, jaridu suka yi magana, kunya ta yi aikinta. Shekara ɗaya kawai bayan haka, a 1948, babban bikin ya ɗauko wani tsohon wasa na Sikotland, wanda Sir David Lyndsay ya rubuta tun ƙarni na 16, ya nuna shi a babban zauren taro na Ikkilisiyar Sikotland. Mutum ana iya roƙonsa, ana iya kunyata shi, yana iya tuba, in ya ƙi kuma ana iya sauke shi. Kuɗin haya fa, wa za ka kai ƙara? Mai gidan da ya ninka hayarsa zai ce haka kasuwa take. Mai gidan wasa zai ce shi ma haya yake biya. Ƙungiyar bikin za ta ce, da gaskiyarta, ba ta hana kowa ba. Kowa hannunsa wankakke ne, ga shi kuwa an bar mutane a waje.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Wanda mai zaɓe ya ƙi, yana iya komawa gida da kansa a ɗage, ya ce ba su gane ni ba. Wanda aka ce wa ƙofa a buɗe take, amma bai iya shiga ba, me zai ce? Jama'a za su ce bai yi ƙoƙari ba. Shi ma a hankali zai fara gaskata haka. Waɗanda suka shiga suka yi nasara kuwa za su gaskata cewa baiwarsu ce kaɗai ta kai su, tun da ai ba wanda ya zaɓe su, fili ne aka ba kowa. Ta haka buɗaɗɗiyar ƙofa takan ƙara wa mai nasara girman kai, ta ƙara wa marar ƙarfi zargin kansa, ta kuma ba sauranmu damar kwana da lamiri kwance. Wannan bai tsaya ga wasan kwaikwayo ba. Duk inda aka rubuta cewa kowa na iya nema, ko jarrabawa ce, ko takarar zaɓe, ko makarantar da aka ce kyauta ce amma sai da riga da littafi da kuɗin mota, ya kamata mai hankali ya tambaya ko nawa ne kuɗin hanyar da ta kai bakin ƙofar.

Kada mu manta da waɗanda ke ɗauke da bikin a ka, ba a kuwa tafa musu. Akwai matasa masu yagar tikiti da jan kujeru da share ɗaki tsakanin wasa da wasa. A 2017 aka ta da wani yunƙuri mai suna Fair Fringe domin an ga wasu suna aiki dogayen awoyi a kan lada kaɗan, wasu ma sai wurin kwana kawai, da sunan aikin sa kai. Akwai mazauna birnin da gidajen haya ke yi wa wuya domin masu gida sun fi son baƙon ƴan kwanaki. A Agusta 2022 masu kwashe shara suka yi yajin aiki a tsakiyar bikin a kan albashi, cikin ƴan kwanaki juji ya tashi a manyan tituna, baƙi suka ga da idonsu wanda ke riƙe da birnin.

To, me za a yi? A maido da kwamiti? Ban yarda ba. In aka maido da shi, kuɗin haya ba zai sauka ba, sai dai talaka ya sami masu gadi biyu maimakon ɗaya. Abin da nake gani shi ne, wanda ya buɗe ƙofa ya yi rabin aiki, rabi mai kyau, amma bai kamata ya kira shi adalci ba sai ya fita waje ya duba hanya. An kuwa gwada dabaru, kowace da nata farashi.

A Kanada suka bi wata hanya. A Edmonton da sauran biranen da suka haɗa ƙungiya, ba a tantance wasa, amma wuraren da bikin da kansa yake tanadarwa ƙidayayyu ne, sai a jefa ƙuri'a ko a bi wanda ya riga zuwa, kuɗin tikiti kuma na ɗan wasa ne duka. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, wannan ne kyawunta. Amma ba ta kuma san wanda ya yi shekara uku yana gyaran wasansa ba, tana iya barinsa ta ɗauki wanda ya shirya nasa jiya. Akwai wanda zai ce gara makauniyar ƙuri'a da mai ido ɗaya da ke kallon aljihu, ni ma ina kusa da faɗin haka, ko da yake na san ba ni ne zan koma gida da wasana a jaka ba.

A Edinbara kuma, tun 1996, wani mai barkwanci mai suna Peter Buckley Hill ya fara wani tsari: mai gidan shaye-shaye ya ba da ɗaki kyauta, tun da zai sayar da abin sha, ɗan wasa ba ya biyan haya, ƴan kallo ba sa sayen tikiti. In an gama, ɗan wasan ya tsaya bakin ƙofa da bokiti, kowa ya jefa abin da ya ga dama. Wannan ya sauke wa mutane da yawa kaya mai nauyi. Ina kuma son shi saboda wani dalili: yana sa mai kallo ya dubi fuskar wanda ya yi masa aiki na awa guda kafin ya yanke shawarar abin da zai bayar. Amma bokiti ba ya biyan wurin kwana na wata guda in ɗakin bai cika ba, wasan da ke bukatar mutum takwas da fitilu kuma ba ya shiga bayan gidan shaye-shaye.

Hanya ta uku ita ce taimako kai tsaye. A 2023 ƙungiyar bikin, tare da shugabarta ta girmamawa Phoebe Waller-Bridge, wadda ita ma daga wani ƙaramin ɗaki na bikin ta yi suna a 2013, ta buɗe asusu mai suna Keep it Fringe. A shekarar farko an ba da tallafi 50, kowane na fam 2,000, domin waɗanda kuɗi ke tare wa hanya. Masu nema sun fi hamsin nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙungiyar da ta rubuta tun 1958 cewa ba za ta auna wasan kowa ba, dole ta nemo mutane suka zauna da tarin takardun masu nema, suka karanta ɗaya bayan ɗaya, suka ware hamsin, sauran kuma aka rubuta musu cewa bana ba su samu ba.